An Ciji 'Yarka

Chosica, 6 ga Maris, 1994

Fide, mijina,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan wannan takarda ta same ka lafiya, kai da tumakinka da sanyin Idaho. Mu nan lafiya lau. Tarin da na yi ta fama da shi ya tafi. Marleni ta ƙara tsawo har ta kusa kamo ni, shekara goma sha huɗu kamar wasa. Baba kuwa gwiwoyinsa ne dai, ka san halinsu.

To, nemi wuri ka zauna. Mun yi kare.

Ka tuna Doña Etelvina, tsohuwar malamar Marleni, mai kiwon karnukan nan marasa gashi? Idanunta sun fara rauni, ta ce ba za ta iya riƙe su duka ba. Sai ta ba mu karya guda, 'yar shekara biyu, sunanta Mora, bisa sharaɗin mu riƙa kai ta gasa, mu kuma bar ta ta haihu don kada irin ya ɓace. Baƙa ce wuluk, fatarta sumul kamar kwalba, ɗan tukku kawai gare ta a ka. Kada ka ce mini kare ai kare ne. Wannan takardar asali gare ta, an rubuta uwarta da kakarta da kakar kakarta, abin da ni da kai ba mu da shi.

Ranar da aka kawo ta, Baba ya leƙa ya ce, "Wa ya feɗe wannan ya manta bai dafa ba?" Yanzu fa? Da ya ji ɗumin jikinta, kullum da hantsi tana kwance a kan gwiwoyinsa, wai ta fi duk man zafin da ka aiko. Shi ya haɗa mata ɗaki a bayan gida da ragowar katakon ƙofa. Ni ce mai wanka da shafa mata mai don kada rana ta ƙona ta. Ɗinkin riga ma na yi mata, kada ka yi dariya.

Ran Lahadi mun je Lima kallon gasar. Fili ne na ciyawa an zagaye da igiya, kowa ya shiga da karensa, alƙali ya duba tsayuwa da tafiya da yadda kunnuwa suka miƙe. Matan Miraflores, unguwar masu kuɗi, da manyan hulunansu sai kallonmu suke kamar mun zo tallar dankali. Marleni ta ja ni ta raɗa mini, "Mama, wallahi Mora ta fi duk waɗannan." Tun daga ranar, kullum da yamma ana gasa a saman ɗakinmu. Baba ne alƙali, ya sa hularsa ta zuwa coci yana ɗaure fuska, Marleni na zagayawa da igiya, ni ce 'yan kallo, ni ce mai tafi. Rabon da in ji dariya haka a gidan nan tun ranar da ka tafi.

Wata mai zuwa za a kai ta Chaclacayo wurin wani namiji mai lambar yabo. In Allah ya yarda, zuwa Yuni muna da kwikwiyoyi. Ga hoto na sa maka.

Matarka,
Zenaida

Dajin Idaho, 3 ga Afrilu

Cholita,

Ina gaishe ki, ina gaida surukina Don Saturnino da Marleni. Na gode Allah da tarin ya tafi. Ni lafiya, sai dai yatsuna sun tsattsage saboda sanyi. Tumaki na ta haihuwa, jiya kaɗai arba'in da ɗaya, ko zama in ci abinci ban samu ba. Don Lalo mai kawo mini guzuri ya zo da wasiƙarki tare da gari da gishiri. Kwana goma-goma yake zuwa, shi kaɗai ne mutumin da nake gani.

Hoton nan! Na juya shi sama na juya shi ƙasa ina neman inda gaban yake. Na nuna wa Oso, babban karena, ya sunsuna ya kau da kai. Na ce masa, "Ka ga wadda ake ɗinka wa riga, kai kana korar dila a cikin ƙanƙara da cikinka wayam." Amma da na ƙura ido sai na ga ai kamarmu ɗaya, ni ma tukku ne ya rage mini a ka. Ba sai an kawo takardar asali ba, na karɓi wannan, 'yata ce. Daga yau 'ya'yana biyu, mai gashi da mai sanƙo.

Gaskiya na ji daɗi. Na ga fuskar Marleni a hoton, yadda ta riƙe igiyar nan kamar an ba ta mulkin ƙasa. Ku ci gaba. In matan Miraflores sun sake kallon ku, ki gaya musu mijinki na da karnuka huɗu da tumaki dubu biyu a Amurka, ba sai kin ce na wani ba ne.

Abu ɗaya: ki sa a gyara ƙofar bayan nan mai fita kwari. Karnukan juji sun yi yawa a wurin tun ina gida.

A ƙarshen Mayu za mu fara hawa dutse da garken. Ki ci gaba da rubutowa ta akwatin gidan waya na gonar, Don Lalo zai biyo ni da ita. Ki gaishe mini da 'yata mai sanƙo, ki ce ubanta na sa mata albarka a auren Chaclacayo.

Mijinki,
Fidencio

Chosica, 9 ga Mayu

Fide,

Gaisuwa. Da fatan kana lafiya. Ba zan iya dogon rubutu ba, hannuna rawa yake.

Jiya da safe wani kare ya fito daga kwari ya ciji 'yarka a ƙafa, wuri biyu. Maƙwabta sun kashe shi. Ma'aikatan lafiya sun yanke kansa sun tafi da shi Lima za a gwada. Sun ce sai an jira. An fara yi mata allura. Ba ta ci komai ba tun jiya, ba ta bari a taɓa ƙafar.

Ka yi addu'a, Fide. Tsoro nake ji.

Zenaida

Chosica, 19 ga Mayu

Fide, mijina,

Ina gaishe ka, Allah ya sa kai dai kana lafiya. Mu ba na iya cewa lafiya.

Sakamako ya dawo. Karen nan mahaukaci ne.

Bari in gaya maka yadda abin ya faru, don a waccan takardar ban san abin da na rubuta ba. Marleni ta fito da Mora bakin ƙofar baya tana koya mata tsayuwa. Ƙofar da ka ce a gyara, ba a gyara ba, laifina ne. Ina shanya na hango shi yana tahowa, wani rawaya, yana tafiya a karkace, yawu na dalala. Ko haushi bai yi ba. Kai tsaye ya nufi Mora ya kama cinyarta. Na yi ihu, "Marleni, saki igiyar ki gudu!" Ba ta saki ba. Sai ta sunkuci Mora ta ɗaga ta sama, da cikinta da komai, ta sa ƙafa tana ture shi. Nan ya kama sha-raɓarta, ya saki, ya sake kamawa. Baba ne ya fito da shebur, da gwiwoyin nan nasa.

A asibitin unguwa nas ta wanke ciwon da sabulu har yarinyar ta kusa suma. Allura goma sha huɗu ne, kullum ɗaya, a kewayen cibiya. Nas ta riƙe hannuna ta ce, "Señora, ko kwana ɗaya kada ta tsallake. In alamar ciwon nan ta fito, ba mai warkewa." Na ce wace alama? Ta ce zazzaɓi, da tsoron ruwa. Rana ta shida maganin ya ƙare musu. Muka shiga mota zuwa Lima, asibiti uku muka bi kafin a samu, rana ta kusa faɗuwa. Cikinta duk ya kumbura ya yi ja, ba ta iya ɗaura siket.

Ma'aikatan sun dawo kan Mora. Da yake tana da katin riga-kafi, sun ce mu zaɓa: ko a kashe ta, ko a kulle ta wata shida ba mai taɓa ta. Marleni ta durƙusa musu a tsakar gida. Baba ya yi keji da wayar ƙarfe. Da shebur muke tura mata abinci.

Na nemi in kira ka, ba ni da lambar kowa a can sai akwatin waya. Na kunna kyandir ga Ubangijin Muruhuay, na yi alkawarin zuwa wurin ibadarsa a ƙafa.

Fide, na ajiye alƙalami ɗazu na je duba ta, ta ce kanta na ciwo. Jikinta zafi rau. Na dafa mata shayi na kai bakinta, ta ture kofin. Na ce, "Sha mana, 'yar nan, ko kurɓi ɗaya." Ta kama wuyanta ta ce, "Mama, ba na iya haɗiyewa."

Baba ya tafi neman mota. Zan ba maƙwabciya wannan ta jefa. Ga motar nan

Z.

Hanyar dutse, 1 ga Yuni

Cholita,

Gaisuwa gare ki da Don Saturnino da Marleni. Ina lafiya, mun kwana huɗu muna hawa, ƙafafuna sun san da haka. Na sami 'yar gajeriyar takardarki ta tara ga Mayu.

Haba Zena! Wannan ne ya sa hannunki rawa? Ashe 'yar masu takardar asali ma ana cizonta kamar 'yar talaka. Ki kwantar da hankalinki. Irin su ba sa mutuwa da sauƙi. Bara dila ya yage wa Oso kafaɗa, na ɗinke da zaren buhu, kwana uku ya miƙe. Ki bar ta ta lashe ciwon da kanta, in yunwa ta ishe ta za ta ci. Allura ma ɓata lokaci ne a wurina, amma tunda an fara a ƙarasa.

In ma ta mutu, ai ba ƙarshen duniya ba ne, sai a samo wata. Irinta sun cika gari.

Ki ce wa Marleni kada ta ɓata hawayenta a kan kare, ta mai da hankali ga karatu. Ki aiko mini da soyayyar masara in kin sami mai zuwa, ta nan ba ta da ɗanɗano.

Mijinki,
Fidencio

Kan dutse, 13 ga Yuni

Zenaida,

Ban san yadda zan gaishe ki ba. Ban san wa nake gayarwa ba, wa ya rage.

Shekaranjiya Don Lalo ya kawo takardarki ta sha tara ga Mayu. Na karanta a tsaye. Da na zo sunan Marleni sai na zauna a ƙasa. Wallahi, Zenaida, wallahi na ɗauka karyar kike nufi. Ni na fara wannan wasan banza na 'ya mai sanƙo, shi ya rufe mini ido. Na roƙi Don Lalo ya dawo mini da waccan wasiƙar, ya ce, "Ɗan'uwa, ta fi mako da tafiya." Me na rubuta? Na rubuta in ta mutu a samo wata. Da hannuna. Kada ki bari ta gani. In kin karanta ki ƙone. Idan bakina ya kama ta fa?

Na ƙirga. Kwana ashirin da biyar ke nan da ta ture kofin. A garinmu ina yaro na ga mutum da wannan ciwo, wani maƙeri, an ɗaure shi a gado da igiyar shanu. Kwana biyar ya yi. Ban taɓa gaya miki ba. Duk abin da zai faru a gidana ya riga ya faru, ni ina nan ina ƙirga tumaki ina neman soyayyar masara.

Jiya da asuba na bar garken da karnuka, abin da aka ce duk wanda ya yi a kore shi. Na hau doki awa biyar zuwa wani kanti a bakin titi mai wayar tarho. Na buga lambar kantin Señora Dominga na unguwarmu sau tara. Wata murya ke fitowa tana Turanci, sai layin ya mutu. Matar kantin ta gwada mini, ita ma haka. Ta ba ni kofin ruwa. Na riƙe shi ina kallo, na kasa sha. Da na dawo na tarar dila ya kashe 'yan tumaki shida. Ko a jikina.

Ki ji ni da kyau. In Allah ya bar mana yarinyar nan, a kashe karyar. Yau, ba gobe ba. Da ita da abin da ke cikinta. Wayar ƙarfe ba ta tare yawu. Na san Marleni, za ta zura hannu ranar da ba kya gida. Ki gaya wa Don Saturnino ni na ce. Ba na son in sake jin sunan kare a gidan nan.

Ki rubuto mini kalma ɗaya kawai. Kowace ce.

Fidencio

Kan dutse, 27 ga Yuni

Zenaida,

Gaisuwa. Ni jikina lafiya, shi ke nan.

Don Lalo ya sake zuwa, ba takarda. Yanzu tun daga nesa yake ɗaga mini hannu wayam don kada in sauko da gudu. Na ce ko kin kasa rubutawa ne. Na ce ko kina jira in gama kwangila kafin ki gaya mini. Kada ki yi mini haka. In an binne ta, ina so in san ranar, da rigar da aka sa mata.

Ko kuwa wasiƙata ta ɗaya ga wata ce ta iso, kika yanke ba za ki ƙara yi mini magana ba? In haka ne kin yi daidai, amma ki sa Don Saturnino ya rubuto.

Na gaya wa maigidan gonar zan tafi gida. Ya ce sai an sami mai karɓata, sai Agusta. Jiya Oso ya zo yana lasar hannuna, na ɗauki sanda na kore shi. Bai yi mini komai ba.

Fidencio

Chosica, 12 ga Yuli

Fide, mijina,

Marleni tana da rai. Tana makaranta yanzu haka. Gaisuwa ta biyo baya: muna lafiya, dukanmu.

Ashe ba ka sami takardata ta ashirin da huɗu ga Mayu ba? Na rubuta ta a kan gwiwata a asibiti! Wayyo Fide, wata guda cur kana cikin wannan.

Ga yadda aka yi. A motar nan na rungume ta ina jin kunyar kaina, don ina tsoron numfashinta a wuyana. 'Yata fa. A asibitin Lima wani likita dattijo ya sa aka kawo buta da kofi. Ya tsiyaya ruwan daga sama a gabanta, a hankali, yana kallon idonta. Ya ɗauki kwali ya yi mata fifita a fuska. Sai ta ce, "Likita, ƙishi nake ji, zafi ne kawai yake hana ni." Ya leƙa bakinta da fitila ya ce, "Señora, zauna kafin ki faɗi. Maƙogwaro ne ya kumbura ya yi ruwa. Mai wancan ciwo ba ya kallon ruwa haka." Kwana biyu suka riƙe ta. Rana ta uku ta sha romon kaza kwano biyu. An gama allurar, ba a tsallake ko ɗaya ba. Ya ce da wuya wani abu ya biyo baya, amma a sa ido har shekara. Wannan "amma" ita nake kwana da ita nake tashi.

Wasiƙarka ta ɗaya ga Yuni ba ta ƙonu ba. Ka san Marleni ce mai karanta mana. Tana karantawa da ƙarfi, Baba na ɓare wake, har ta zo wurin. Ta sake karantawa a hankali, "sai a samo wata." Na fizge takardar na duba ƙasa, na ce, "Wawan ubanki Mora yake nufi!" Baba ya yi dariya har da tari. Ita ba ta yi ba. Ta ce, "Ko Mora ce, Mama, ba a samo wata."

Sai kuma wasiƙarka ta sha uku ga Yuni. Mora ta riga ta haihu ranar ashirin ga Yuni, uku, biyu sumul, ɗaya da gashi. Na karanta umarninka ni kaɗai na ɓoye a aljihu kwana biyu. Gaskiya zuciyata tana tare da kai. Na gaya wa Baba, ya ce, "In za a yi, ni zan yi, ba ke ba. Amma ba a bayan idon yarinyar ba." Da ta dawo makaranta na zaunar da ita na karanta mata. Ba ta yi kuka ba. Ta janye safarta ta nuna mini tabon ta ce, "Na ba da ƙafata don kada ta mutu. Yanzu sai ku ce cizon banza aka yi mini?"

Ban kashe ta ba, Fide. Shekara goma sha shida ban taɓa saɓa maka ba, yau na saɓa. Kwaɗo biyu na sa wa kejin, makullan suna wuyana har wurin wanka. Kullum da safe na tura mata ruwa in tsaya, ba na motsi sai na ga ta sha.

Maganar zura hannu kuwa, ka huta. Marleni ba ta zuwa bayan gida ko kaɗan. Ta taga take leƙen kwikwiyoyin. In kare ya yi haushi a titi sai ta ƙanƙame ni. Ita da ba ta wuce kare ba ta shafa ba.

Kada ka bar aikin. Ka ci abinci. Ka ba Oso haƙuri.

Matarka,
Zenaida

Kan dutse, 4 ga Agusta

Cholita,

Ina gaishe ki da gaisuwar wanda aka ciro daga rijiya. Ina gaida surukina, Allah ya saka masa da alheri kan sheburin nan. Layin farko na karanta na durƙusa a cikin ciyawa, Don Lalo ya zaci mugun labari ne ya cire hula. Da na gaya masa sai ya koma mota ya birkice ta. A ƙarƙashin kujera ya tsinci takardarki ta ashirin da huɗu ga Mayu, ta sha man inji. Ya kusa kuka. Ban iya ko zaginsa ba.

Maganar Mora, ke kike wurin, ni tsoro ne ya yi magana da bakina. Amma ba zan ɓoye miki ba, hankalina ba zai kwanta ba sai an buɗe kejin nan lafiya. Kada ki cire makullan.

Wannan na Marleni ne, ta karanta da kanta. 'Yata, gaskiyarki, ba a samo wata. Ubanki ya daɗe cikin tumaki har ya fara tunani irin nasu. Ki yafe mini. In ba kya son gasar kuma, ba dole.

Mijinki,
Fidencio

Chosica, 28 ga Nuwamba

Fide, mijina,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kun sauko daga dutse lafiya kafin ƙanƙara. Muna lafiya. Na cika alkawarin Muruhuay, ƙafafuna har yanzu ba su yafe mini ba.

Wata shida sun cika ran takwas ga wata. Likitan dabbobi ya zo ya duba ta ya sa hannu, ni na buɗe kwaɗon. Ta fito tana tangaɗi, farata zaƙo-zaƙo, fatar ta koɗe. Kwikwiyoyin sun zama ƙatti, Doña Etelvina ta ɗauki biyu, mai gashin Baba ya ce nasa ne. Mora ta nufi Marleni, yarinyar ta ja da baya har ta jingina da bango. Karyar ta zauna a gabanta tana jira. Sai da aka yi kwana huɗu kafin ta ɗora mata hannu a baya, a ka kuwa ko kusa.

Jiya aka yi gasar ƙarshen shekara. Na ce a bari sai baɗi, ko ni in shiga da ita. Marleni ta ce, "Ke Mama? Ai sai ki faɗi a kan alƙali." Tun daga bakin filin karnuka ke haushi ta ko'ina, sun fi ɗari. Ta yi fari fat, ta yi amai a bayan wata mota, ta goge baki ta karɓi igiya.

Su biyar ne a rukunin. Tafiyar ta yi kyau, har na ji wata mai hula ta ce, "Ta wa ce baƙar nan?" Sai alƙalin, wani dogon dattijo daga Ajantina, ya zo kansu. Ya shafa bayan Mora, ya duba kunnuwa, sannan ya ce, "Señorita, nuna mini haƙoranta."

Fide, na manta sam ana yin haka. Mai kare ne ke buɗe bakin da hannunsa. Bakin da na yi wata shida ina tura wa abinci da shebur. Marleni ta tsaya ƙyam. Alƙali ya sake faɗa. Na kama igiyar filin zan tsallaka, na buɗe baki zan ce a'a, Baba ya damƙe damtsena ya ce, "Yi shiru, ba naki ba ne." Har yau shatin yatsunsa na nan.

Ta durƙusa. Ta ce wa karyar wani abu da ban ji ba, ta sa yatsu ta ɗaga leɓen, sama da ƙasa, gefe da gefe. Alƙali ya leƙa ya ce, "Madalla," ya wuce abinsa. Da ta miƙe na ga yawu na ƙyalli a yatsunta.

Ta uku suka zo. Ga kintinkirin da aka ba su kyauta na sa maka a ciki, ita ta ce a aiko maka.

Suna fitowa ban ce mata barka ba. Na ja ta zuwa famfo na fito da sabulun da ke jakata, na wanke hannun, na ɗauraye, na sake. Na san likita ya sa hannu, na san karyar lafiyarta lau, na kasa dainawa. Mutane na wucewa suna kallo. A karo na huɗu ta ce, "Mama, ya isa." Na ce saura kaɗan. Sai ta zare sabulun daga hannuna ta miƙa wa Baba, ta haɗa hannuwana biyu cikin nata ta riƙe a ƙarƙashin ruwan, har na haƙura.

Ka dawo a Maris kamar yadda ka ce. Kada ka sake sa hannu a wata takardar kwangila.

Matarka,
Zenaida